Gadon da Ba a San Mamacinsa Ba

Duk wanda ya taɓa halartar rabon gado a Dagauda, ko a wani gari daga garuruwan ƙasar Dambam da Katagum, ya san cewa babu wani al'amari na dukiya da ake yi a bainar jama'a kamarsa, domin kuwa bayan an share makoki, hankula sun ɗan kwanta, sai a tara 'ya'yan mamaci da matansa da 'yan'uwansa, a kira malamin da ya san fara'ili, a zo da dattawan unguwa waɗanda suka san iyakar gona tun daga kukar da ke gabas har zuwa kwarin da ke yamma, a lissafa shanu da awaki da buhunan gero da wake, a yi cigiyar ko akwai mai bin mamaci bashi, sa'an nan a shiga maganar wanda zai sami sumuni da wanda zai sami sudusi. Ba a yin wannan a ɓoye, kuma ba a taɓa jin an ce wa magaji ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya aika wa wanda bai sani ba kafin a nuna masa rabonsa. Amma a zamanin nan wani irin gado ya ɓullo wanda ya saɓa wa wannan ta kowace fuska, ba shi da gawa, ba shi da makoki, ba shi da shaidu, yana faɗowa cikin wayar mutum da tsakar dare ta hanyar imel, ko ta WhatsApp da Facebook tun da mutanenmu sun fi duba su, yana yi masa albishir da miliyoyin daloli daga wani mamaci da bai taɓa jin sunansa ba.

Ya kamata a fara da kallon wasiƙar kanta, domin ko da yake masu rubuta ta suna da yawa, tsarinta kusan ɗaya ne. Marubucin yakan gabatar da kansa a matsayin babban jami'in wani banki a Lome ko Kwatano ko Wagadugu ko Landan, ya nemi gafara a kan rubuto wa mutumin da bai sani ba, ya ce ya yi addu'a ne Allah ya nuna masa amintacce. Daga nan sai ya kawo labarin wani attajiri baƙo, injiniyan mai ko ɗan kwangila, wanda ya ajiye dukiya mai yawa a bankinsu, ya mutu tare da matarsa da 'ya'yansa duka a haɗarin jirgin sama, bai bar magaji ba. Sau da yawa haɗarin na gaskiya ne, kamar na jirgin Kenya da ya faɗa teku kusa da Abijan a ranar 30 ga Janairun 2000 yana kan hanyarsa ta zuwa Legas, ko na jirgin Concorde da ya faɗi kusa da Paris a watan Yuli na waccan shekarar, kuma har mahaɗin labarin jarida akan haɗo da shi, don mai karatu ya duba ya ga lalle an yi haɗarin, ya ɗauka cewa tun da wannan gaskiya ne to sauran ma gaskiya ne. Sai marubucin ya ce wa'adi ya kusa cika, gwamnati za ta ƙwace kuɗin, saboda haka yana son ka tsaya a matsayin ɗan'uwan mamacin, shi zai shirya takardu daga ciki, idan kuɗi sun fito ka ɗauki kashi arba'in cikin ɗari shi ya ɗauki sittin. Kuma a ƙarshe, ko da me ya manta, ba ya manta jan kunne cewa kada ka gaya wa kowa.

Wannan ita ce uwar wasiƙun, tana kuma da 'ya'ya biyu. A ta farko, lauya ne yake rubutowa, ba ya neman ka yi ƙarya, cewa yake yi ya daɗe yana cigiyar dangin wani mamaci mai suna irin naka, ga shi Allah ya haɗa ku. A ta biyu, wadda ta fi dacewa da zukatan Musulmi kuma su aka fi nufa da ita, wata gwauruwa ce mai dukiya, kwance a asibiti, likitoci sun ce kwanakinta ƙidayayyu ne, ba ta da ɗa, dangin mijinta azzalumai ne, tana neman mai tsoron Allah da za ta yi wa wasiyya ya gina masallatai da rijiyoyi ya riƙe marayu, ya kuma ɗauki wani kaso ladan wahalarsa. Irin wannan takan buɗe da cikakkiyar sallama, ta cika da insha Allahu da masha Allahu, wani lokaci har da hoton mace da robar ƙarin ruwa a hannu, hoton da aka sato daga shafin wata baiwar Allah da ba ta san ana yawo da shi ba.

Abin da ke biyo bayan amsa ta farko shi ne asalin sana'ar. Ba a tambayar kuɗi nan take. Sai an yi kwanaki ana gaisuwa ana tambayar iyali, an karɓi cikakken sunan mutum da lambar wayarsa da hoton katin shaidarsa, an aiko masa da takardar shaidar mutuwa da ta ajiyar banki masu ɗauke da hatimai ja da shuɗi da sa hannu mai lanƙwasa, har ya fara raba kuɗin a zuciyarsa, ya ware na Hajjin mahaifiya, ya ware na sayen fili a Azare, sa'an nan ne za a ce masa an sami 'yar matsala ƙarama: akwai kuɗin rantsuwa a kotu, ba su taka kara sun karya ba, dubu talatin ne ko hamsin. Mutumin da aka yi wa alkawarin miliyoyin daloli yana jin kunyar ya tsaya ciniki a kan dubu hamsin, sai ya tafi wajen mai POS ya tura. Bayan kwana biyu sai kuɗin haraji ya taso, bayansa kuɗin takardar da ke shaida cewa dukiyar ba ta ta'addanci ba ce ba kuma ta miyagun ƙwayoyi ba, bayansa sai a bugo waya a ce jakadan da ya ɗauko akwatin kuɗin ya sauka a filin jirgin sama amma jami'an kwastan sun tsare shi sai an ga abin goro. Kowane biya ana kiransa na ƙarshe, kuma kowane ya fi wanda ya gabace shi girma. A wannan mataki ba kwaɗayi kaɗai ke jan mutum ba, abin da ya riga ya zuba ne ke jansa, domin idan ya tsaya to ya tabbatar wa kansa cewa bijimin da ya sayar da bashin da ya ci sun tafi a banza, idan kuwa ya ƙara biya to fata bai yanke ba tukuna. Akwai ma waɗanda ake kaiwa har ɗakin otal a nuna musu akwati cike da baƙaƙen takardu, a wanke biyu ko uku a gabansu da wani ruwa su zama daloli, a ce sauran ma haka suke, sai dai ruwan wankin tsada gare shi. Idan kuma aka tatse mutum ƙarƙaf ya gane, ba a rabu da shi ba: bayan wasu watanni sai wani ya kira shi da sunan jami'in hukuma, ya ce an kama ɓarayin, za a mayar masa da kuɗinsa, amma akwai ɗan kuɗin buɗe fayil.

Mai hankali zai iya tambaya, ta yaya labari mai rauni haka, cike da kurakuran rubutu, yake kama mutane? Wani mai bincike a kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya yi wa wannan tambaya jawabi a shekarar 2012, kuma jawabin nasa ya cancanci a yi tunani a kansa. Aika wasiƙa ga mutum dubu ɗari ba ya cin ɗan damfara komai, abin da ke cinsa shi ne lokacin da zai ɓata yana lallashin wanda daga baya zai farga ya janye. Saboda haka raunin labarin aiki yake yi masa: masu shakka su watsar tun daga layin farko, wanda kuwa ya karanta irin wannan ya amsa, to ya nuna da kansa cewa shi ne ake nema. Sai dai kada mai karatu ya dogara da kurakuran rubutu a matsayin alama, domin na'urorin fassara da na ƙirƙirar rubutu sun sa yanzu ana iya aiko da wasiƙa cikin Turanci mai tsabta, har ma da Hausa da Larabci.

Wannan dabara kuwa ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A ƙarni na 19 Turawa sun sha fama da wasiƙun wani babban mutum da aka ce yana tsare a kurkukun Sifaniya, yana da dukiya a ɓoye, yana neman mai taimaka masa da kuɗi kaɗan a raba dukiyar da shi. Mafi kusa da abin da muke magana a kai shi ne abin da wani Ba'amurke mai suna Oscar Hartzell ya yi a shekarun 1920, lokacin da ya shawo kan dubban manoma da 'yan ƙauye na jihar Iowa da maƙwabtanta cewa dukiyar Francis Drake, jarumin tekun Ingila da ya mutu tun 1596, ba a taɓa raba ta bisa ƙa'ida ba, kuma duk wanda ya ba da gudummawar kuɗin shari'a zai sami ninki ba ninki idan an karɓo ta. Ya zauna a Landan yana cin duniyarsa da kuɗinsu shekara da shekaru, har aka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara goma a 1933, kuma abin mamaki shi ne da yawa daga waɗanda ya cuta sun ci gaba da gaskata shi suna tara masa kuɗi bayan an kama shi. Manoma ne masu zuwa coci, masu tattalin kwabo, ba mahaukata ba, kuma wannan ya isa ya hana mu yi wa wanda abin ya faɗa wa a cikinmu dariya.

A Najeriya sana'ar ta yi ƙarfi ne a shekarun 1980, lokacin da farashin mai ya faɗi aiki ya yi wuya, ana aika wasiƙu ta gidan waya da na'urar faks kafin imel ya zo ya sauƙaƙa ta, kuma sashe na 419 na kundin dokar laifuffuka, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara, shi ya zama sunanta a duniya. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a ranar 8 ga Yunin 1998, wasiƙun ƙarya da sunan iyalinsa sun cika akwatunan imel na duniya, kamar yadda aka yi da sunan iyalan Mobutu da na Gaddafi bayan faɗuwarsu. Ɗaya daga cikin manyan shari'o'in da aka yi a kan irin wannan zamba ita ce ta Emmanuel Nwude, wanda shi da abokansa suka damfari wani jami'in bankin Noroeste na Brazil dala miliyan 242 tsakanin 1995 da 1998 da sunan kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja wadda babu ita, aka kuma yanke masa hukunci a 2005, lokacin da hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu, take sabuwa. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara bakwai ba bai kuma wuce ashirin ba, babu zaɓin tara. Illar wannan tarihi a gare mu ita ce ya sa mun ɗauka abin na Turawa ne, 'yan yahu na cutar mutanen waje, mu 'yan kallo ne, alhali kuwa tun da wayar hannu ta shiga kowane ƙauye, asusun banki ya shiga kowace waya, mai sayar da wake a kasuwar Dagauda ya zama abin farauta daidai da tsohuwar da ke zaune a Amurka, ga shi kuma shi ba shi da wanda zai bi masa kadi cikin sauƙi.

Akwai kuma wani dalili da ya sa labarin ɗan'uwan da ba a sani ba yake samun gurbi a zukatan mutanen ƙasarmu musamman, kuma bai kamata a raina shi ba. Mu mutane ne da danginmu suka watsu. Tun yaƙin Burmi a 1903, wanda aka yi bayan jama'a masu yawa sun bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira zuwa gabas, waɗanda suka tsira suka zarce har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, da kuma alhazan da suka tafi Makka a ƙasa suka yi shekaru a hanya wasu ba su dawo ba, da fataken da suka bi goro zuwa Gwanja suka zauna a zangon Kumasi, da 'yan cirani da suka shiga Kurmi aka daina jin ɗuriyarsu, da wuya ka sami babban gida a ƙasar Katagum ko Misau da ba a ba da labarin wani kaka ko baffa da ya tafi bai komo ba. Ga shi kuma sunayenmu na tarayya ne, Muhammadu da Abubakar da Usman da Ibrahim sun cika duniyar Musulmi tun daga Dakar har Jakarta. Saboda haka idan aka ce wa mutum wani Alhaji mai sunan mahaifinsa ya rasu a Dubai, zuciyarsa ba ta rasa inda za ta rataya labarin. Amma fa wanda ya san yadda irin waɗannan dangi suke neman juna idan sun tashi, ya san ta bakin mutane suke zuwa: alhaji ya dawo daga Saudiyya da saƙo, a ambaci sunan kaka da sunan unguwa da sunan wanda ya yi masa rakiya ranar tafiya, a je wajen mai unguwa ko dagaci a tabbatar. Ɗan'uwa na gaskiya shi ke faɗa maka nasabarka, ɗan damfara kuwa kai yake tambaya ka faɗa masa, ya kuma maido maka da ita gobe a cikin takarda mai hatimi.

A nan ne nake ganin maganin wannan cuta yana hannunmu tun da daɗewa, wato ilmin gado da ake karantawa a zaurukanmu cikin Risala da Muhtasar, wanda asalinsa ke cikin Suratun Nisa'i. Duk ɗalibin da ya kai babin fara'ili ya san sabubban gado ƙidayayyu ne: nasaba, da aure, da wala'i. Babu kamancen suna a cikinsu, babu amincin fuska, babu zaɓin ma'aikacin banki. Ya san kuma akwai abubuwan da ke hana gado ko da nasaba ta tabbata, daga cikinsu akwai saɓanin addini, saboda haka injiniyan nan Bature da ya mutu a jirgi, ko da a ce ya taɓa rayuwa, babu ta inda dukiyarsa za ta bi ta zama gadon Bahaushe Musulmi. Idan kuwa mamaci Musulmi ne bai bar magaji ba, a mazhabar Malikiyya baitulmali ne ke karɓa, ba wanda ya fi kowa saurin amsa wasiƙa ba. Mafi muhimmanci ga mas'alarmu shi ne tartibin da malamai suka jera na haƙƙoƙin da ke rataye da abin da mamaci ya bari: a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan a raba saura ga magada. Dukan waɗannan daga cikin dukiyar ake cire su, ba daga aljihun magaji ba. Wanda yake riƙe da dala miliyan goma, amma ya ce ba zai iya cire dala ɗari biyu na rantsuwa daga ciki ba sai ka aiko masa daga Dagauda, ya riga ya shaida maka cewa babu komai a hannunsa. Ko wani ya ce ai ta gwauruwar nan wasiyya ce ba gado ba, hukuncin bai canza ba, domin wasiyya ma daga dukiyar mai yin ta ake fitar da ita, kuma mace mai neman gina masallaci ba ta rasa limami da masallata a garin da take kwance.

Sai kuma abin da ya fi asarar kuɗi nauyi, wanda galibi ba a faɗa. Wasiƙar farko ba ta ɓoye abin da take nema ba: tana kiran mutum ya danganta kansa ga wanda ba danginsa ba, ya rantse a kan haka, ya karɓi dukiyar da ya san ba tasa ba ce, a raba da ma'aikacin da ya ci amanar wurin aikinsa. Ko da a ce kuɗin suna nan, kuma za su fito, abin da aka gayyace shi ya ƙunshi shaidar zur da rantsuwar ƙarya da cin dukiyar mutane da ɓarna, waɗanda kowane ɗayansu babban zunubi ne. Ɗan damfara da gangan ya gina tarkonsa haka, domin ya san wanda ya yarda ya shiga haram tare da shi ba zai iya zuwa wajen liman ya nemi shawara ba, ba zai iya gaya wa matarsa ba, kuma ranar da abin ya fashe zai ji nauyin zuwa wajen 'yan sanda ya bayyana yadda aka yi. Sharaɗin sirrin nan da ake maimaitawa a kowace wasiƙa shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma da mutum zai karya shi tun ranar farko, ya karanta wa mutum biyu masu hankali wasiƙar da babbar murya, da wuya ta kai ƙarshe ba a yi dariya ba.

Dokar zamani ma ba ta saɓa wa wannan ba. A Najeriya banki ba ya sakin kuɗin mamaci don wani ya bugo waya ko ya aiko da imel, sai magada sun je da kansu da takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, kuma sunan da mutum ya rubuta a takardar banki a matsayin makusancin da za a tuntuɓa ba ya mayar da wannan makusanci magaji shi kaɗai. Kuɗin da aka daɗe ba a taɓa ba kuwa ba sa zama ganimar ma'aikata: bisa ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024, asusun da ya shekara goma a kwance ana mayar da abin da ke cikinsa wani asusun amana a Babban Bankin, kuma mai shi ko magadansa na gaskiya suna iya nema. A Ingila dukiyar wanda ya mutu babu wasiyya babu dangi tana komawa ga masarauta, kuma kamfanonin da ke sana'ar nemo magada a can ladansu yana fitowa ne daga rabon magajin bayan an biya shi. Babu wata ƙasa da ake biyan kuɗin kotu ta asusun wani mutum mai zaman kansa, ko ta katin waya, ko ta kuɗin kirifto, kuma babu babban bankin da jami'insa zai rubuto maganar miliyoyi daga adireshin Gmail ko Yahoo wanda kowane yaro zai iya buɗewa cikin minti biyar.

Wani zai ce shi ba shi da abin da za a cuta, asusunsa babu ko sisi, bari ya gwada ya gani. Wannan kuskure ne mai tsada. Wanda bai sami kuɗinka ba, zai karɓi lambar BVN da ta NIN da hoton katinka, ya ci bashi da sunanka a manhajojin ba da rance, ko ya ce ka karanto masa lambobin sirrin da banki ya turo wa wayarka don a shigar da gadon, alhali da su zai kwashe abin da ya shigo gobe. Mafi muni, yana iya turo kuɗi na gaske cikin asusunka ya ce ka cire ka tura wani wuri ka riƙe ladanka, kuɗin kuwa na wani ne da aka sace, kuma ranar da masu bincike suka biyo sawu, a ƙofar gidanka sawun zai tsaya, domin sunanka ne a rubuce ba nasa ba. Ko amsar zagi ma ba ta da amfani, tana dai shaida musu cewa akwai mai rai a bayan wannan lamba, su sayar da ita ga wasu.

Ba kuwa wannan ce kaɗai rigar da sana'ar ke sawa a ƙasarmu ba. Masu bugo waya da dare da shaƙaƙƙiyar murya su ce su aljanu ne za su ba mutum dukiya idan ya turo katin waya, da masu cewa an ci kyautar gasar da ba a shiga ba, da masu sayar da gurbin aikin gwamnati ko tallafin da sai an biya kuɗin rajista, duk tsari ɗaya suke bi da mai wasiƙar gado: a nuna maka babba daga nesa, a karɓi ƙarami daga hannunka yau.

Wanda irin wannan saƙo ya zo masa, kada ya amsa, kada ya taɓa mahaɗin da ke ciki ko ya buɗe takardar da aka maƙala, ya toshe lambar ya goge. Idan zuciyarsa ta ƙi kwanciya saboda lalle akwai wani nasu da ya ɓace a gabas ko a Kurmi, to ya kai maganar gaban manyan gidansu da malamin da ke raba musu gado, in ta kama a je kotun shari'a ko wajen lauyan da ake iya shiga ofishinsa a Azare a zauna a kujera, a nemi bankin da aka ambata ta lambar da aka samo da kai, ba wadda ke cikin wasiƙar ba. Wanda kuwa ya riga ya tura kuɗi, ya tsaya daga nan ko da an rantse masa cewa saura biya ɗaya, ya garzaya bankinsa a ranar ya sanar, domin wani lokaci ana iya riƙe kuɗin kafin a kwashe su idan an yi hanzari, ya adana saƙonnin da rasiɗan kada kunya ta sa ya goge su, ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC, akwai a Gombe akwai a Kano.

Kirana na musamman ga mutum uku ne. Matasan da iyaye da maƙwabta ke miƙo wa waya su ce karanta mini wannan, ku ne ƙofar farko, kada ku fassara albishir ku yi shiru a kan abin da kuka sani. Masu POS na Dagauda da Dambam da Jalam, idan dattijo ya zo zai tura kuɗi masu nauyi ga sunan da bai iya faɗa daidai ba, yana waige-waige yana cewa sirri ne, ku yi masa tambaya ɗaya cikin ladabi kafin ku danna, ku ce Baba, ka san mutumin nan ido da ido? Malamanmu kuma, idan karatu ya kai babin gado, a ƙara wannan mas'ala a cikin misalan da ake bayarwa, a kuma faɗe ta a huɗubar Juma'a.